Mayeloma: Sankarar da Ke Ɓuya a Cikin Ɓargo

A cikin takardun neman taimakon jinya da kwamitocin masallatai ke aiko mana, akwai wata kalma da ta riƙa maimaituwa a rubutun likitoci, har ta sa muka nemi zama da masana cututtukan jini domin mu fahimce ta. Kalmar ita ce mayeloma. Mai ɗauke da irin wannan takarda yawanci dattijo ne ko dattijuwa, kuma labarinsu kusan iri ɗaya ne. Ciwon baya ne da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai watanni na shan ƙwayoyin kashe zafi daga kyamis, sai ƙarin jini sau ɗaya ko biyu, sannan wata rana ƙashi ya karye ba tare da wata babbar faɗuwa ba. Kafin a kai ga sanin sunan cutar, sau da yawa an riga an sayar da gona ko dabbobi. Mu ba likitoci ba ne, amma mun ga ya wajaba mu keɓe 'yan shafuka a rahoton bana mu bayyana abin da muka fahimta, domin iyayenmu limamai da 'yan kwamiti su ne ke fara ganin waɗannan bayin Allah tun kafin likita ya gan su.

Mafarin al'amarin yana cikin ɓargo, wannan dai da muka sani a tsakiyar ƙashi. A nan ne jiki ke ƙera jini: jajayen ƙwayoyi masu ɗaukar iska zuwa gaɓoɓi, farare masu yaƙi da cuta, da wasu ƙanana masu tsayar da zubar jini idan an ji rauni. Daga cikin fararen akwai wani jinsi da ake kira ƙwayoyin filasma. Aikinsu shi ne ƙera makaman garkuwar jiki, wato wasu nau'o'in furotin da ke manne wa ƙwayar cuta har a kashe ta. Za a iya kwatanta su da unguwar maƙera, inda kowane maƙeri ya ƙware a kan makami guda ɗaya tak, wanda ya dace da abokin gaba guda. A jikin mai lafiya ƙwayoyin filasma ba su kai kashi 5 cikin 100 na ƙwayoyin ɓargo ba, amma da yake iri-iri ne, makamansu sun ishi jiki kare kansa.

Mayeloma tana farawa ne sa'ad da ƙwaya ɗaya daga cikinsu ta samu tangarɗa a tsarin halittarta, ta shiga hayayyafa ba ƙaƙƙautawa. 'Ya'yanta da jikokinta duk makami ɗaya suke ƙerawa, kuma makamin ba ya tsinana wa jiki komai. Suna cika ɓargo, su danne maƙeran kirki, su kuma zuba wannan furotin marar amfani a cikin jini har ya yi yawa. Idan aka duba ɓargo aka tarar sun kai kashi 10 cikin 100 ko fiye, tare da alamar sun fara yi wa jiki ɓarna, to sai likita ya ce mayeloma ce. A kula, sunanta yana kama da melanoma, wadda sankarar fata ce, kuma ba su da wata alaƙa. Haka nan ba sikila ba ce, ko da yake likitocin sashe ɗaya ne ke duba su a asibiti.

Ɓarnar da ta fi fitowa fili ita ce ta ƙashi. Mutane da yawa suna ɗaukar ƙashi kamar dutse ne da ba ya canzawa, alhali kullum jiki yana rushe tsohon ƙashi yana gina sabo, kamar yadda ake kankare bangon gidan ƙasa a sake yaɓe shi. Ƙwayoyin mayeloma suna zuga masu rusau, su kuma hana masu gini aiki. Sakamakon haka sai ƙashi ya yi ramuka kamar itacen da gara ta ci: daga waje lafiya lau, ciki kuwa fanko. Ƙashin baya da haƙarƙari da ƙugu da ƙoƙon kai su ne suka fi shan wahala, saboda a nan ne ɓargo mai ƙera jini ya fi yawa ga babban mutum. Ciwon yakan tsananta idan an motsa. Wani lokaci ƙasusuwan gadon baya kan lotsa ɗaya bayan ɗaya, har a ga dattijo ya ranƙwafa ya rage tsawo cikin 'yan watanni. A wani nazari da asibitin Mayo na Amurka ya wallafa a 2003 a kan majinyata 1,027, hoton ƙashi ya nuna matsala a jikin kashi 79 cikin 100 tun ranar da aka gano cutar, kashi 73 kuma suna da ƙarancin jini.

Ƙarancin jinin ba abin mamaki ba ne, tunda baƙin ƙwayoyi sun mamaye wurin da ake ƙera shi. Shi ne ke kawo kasala da haki da ɗashewar ido. Garkuwar jiki ma takan yi rauni, sai mutum ya riƙa kamuwa da nimoniya ko cutar mafitsara a kai a kai. Ƙashin da ke narkewa kuma yana sakin sinadarin kalsiyam cikin jini, wanda idan ya yi yawa yakan kawo ƙishirwa mai tsanani, yawan fitsari, taurin bayan gida, da ruɗewar tunani. A nan muke roƙon 'yan uwa su yi hattara, domin dattijon da ya fara sambatu ko rikicewa ba lallai ne tsufa ko sammu ba. Gwajin jini mai sauƙi yana iya nuna dalili, kuma ƙarin ruwa da magani na iya dawo da shi hayyacinsa cikin kwanaki.

Amma abin da ya fi ba mu tsoro a bayanin likitoci shi ne ƙoda. Makamin garkuwa yana da manyan sassa da ƙanana. Ƙananan sassan da mayeloma ke fitarwa suna ratsa matatar ƙoda, su haɗu da wani furotin a cikin ƙananan bututunta, su daskare su toshe su. Abubuwan da ke gaggauta wannan toshewa su ne ƙarancin ruwa a jiki, yawan kalsiyam, da kuma magungunan kashe zafi irin su diklofenak da aibufurofen. To waɗannan kuwa su ne ainihin abin da mai ciwon baya ke saya a kyamis, ko a hannun masu tallar haɗin magani a tasha da kasuwa. Sai ya zamana maganin da ake sha don samun sauƙi shi ne ke tura majinyaci zuwa ga wankin ƙoda, wanda tsadarsa ta fi ƙarfin yawancin gidaje. Haka ma jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba.

Wannan furotin na fitsari yana da tsohon tarihi. A 1845 wani ɗan kasuwa a Landan ya kwanta da ciwon ƙashi mai tsanani, sai likitocinsa suka lura da wani abin al'ajabi a fitsarinsa: idan aka ɗumama shi sai ya yi gudaji, idan ya tafasa sai gudajin ya narke, idan ya huce kuma ya dawo. Suka aika wa Henry Bence Jones, masanin kimiyyar sinadarai a fannin likitanci, ya yi bincike ya wallafa, kuma har yau da sunansa ake kiran furotin ɗin. A 1873 wani likitan Rasha mai suna von Rustizky ya laƙaba wa cutar sunan da ake kiranta da shi yanzu, bayan ya tarar da ƙulluka da dama a ɓargon wani mamaci. Sai a 1962 aka tabbatar cewa furotin na Bence Jones ba komai ba ne illa waɗancan ƙananan sassa na makaman garkuwa. Wani abin lura shi ne, ɗan tsinken takardar da ake tsomawa a fitsari a ƙananan asibitoci ba ya kama wannan furotin yadda ya kamata. Ana iya ce wa mutum fitsarinsa lafiya lau, alhali ƙodarsa na cikin haɗari.

Wa take kamawa? Cuta ce ta manya, da wuya a same ta ga wanda bai kai shekara 40 ba, kuma ta ɗan fi yawa ga maza. Ƙididdigar hukumar binciken sankara ta duniya ta nuna sababbin majinyata kimanin 188,000 a shekarar 2022. Abin da ya shafe mu kai tsaye shi ne, a Amurka baƙar fata sun ninka farar fata sau biyu wajen kamuwa da ita. An daɗe ana tambayar ko bambancin abinci ne ko na muhalli, sai wani bincike da aka wallafa a 2007 a kan maza 917 a birnin Akara na Gana ya nuna cewa alamar farko ta wannan cuta a jininsu ita ma ta kusa ninka ta fararen fata na jihar Minnesota sau biyu. Wannan ya ƙarfafa ra'ayin cewa asalin jinsi yana da hannu a ciki. Don haka idan ba a cika jin sunanta a garuruwanmu ba, a ganinmu babban dalili shi ne ƙarancin gwaji. Ba a ɗaukarta ta hanyar zama tare ko cin abinci ko jinya. Ba kuma gadonta ake yi kai tsaye kamar sikila ba, duk da cewa 'yan uwan majinyaci na jini suna da ɗan ƙarin haɗari.

Mayeloma tana da dangi, kuma sanin su yana da amfani ga wanda ke karanta takardun asibiti. Mafi yawa daga cikinsu shi ne wanda likitoci ke rubutawa da haruffa MGUS, sunan da Robert Kyle na asibitin Mayo ya sa masa a 1978. Shi ne a sami ɗan wannan furotin a jini ba tare da wata ɓarna ba. Ana samunsa ga kimanin mutum 3 cikin 100 na fararen fata da suka haura shekara 50, kuma a kowace shekara kimanin mutum 1 cikin 100 ne kawai na masu shi ke rikiɗewa zuwa sankara. Ba a ba shi magani, sai dai bibiya da gwajin jini lokaci zuwa lokaci. Sama da shi akwai mayeloma mai kwanton ɓauna, inda ƙwayoyin suka yi yawa amma ba su fara ɓarna ba tukuna. Ita kuwa kimanin mutum 10 cikin 100 ne ke shiga cikakkiyar cuta a kowace shekara cikin shekaru biyar na farko, don haka bibiyarta ta fi tsanani. Akwai kuma ƙulli guda ɗaya tak a ƙashi ko a hanci da maƙogwaro, wanda ake yi wa gashi da na'ura, kuma wasu kan rabu da shi gaba ɗaya. Sai amiloyid, inda ƙananan sassan furotin ke taruwa a zuciya ko ƙoda ko jijiyoyi, har harshe kan yi girma ya cika baki, ƙafafu su kumbura, fitsari ya riƙa kumfa. Na ƙarshe ita ce cutar da Jan Waldenström na Suwidin ya bayyana a 1944, wadda furotin ɗinta babba ne har yakan sa jini ya yi kauri, ya kawo haɓo da dishi-dishin gani.

Gano cutar ba ya buƙatar abin da ya gagara. Ana farawa da ƙidayar ƙwayoyin jini, da gwajin ƙoda da na kalsiyam, da wani gwaji mai araha da ke auna saurin kwanciyar jajayen ƙwayoyi a cikin bututu, wanda yakan hau sosai ga mai mayeloma. Daga nan sai gwajin da ke rarrabe furotin na jini da wutar lantarki, inda furotin na cutar ke fitowa a matsayin tsini guda dogo. Sai hoton ƙasusuwa, sai ɗibar ɓargo. Wannan na ƙarshe shi ne mutanenmu suka fi tsoro, har wasu kan gudu daga asibiti da zarar an ambace shi, saboda jita-jitar cewa ana zuƙe wa mutum ƙarfinsa. Gaskiyar magana, ana kashe zafin wurin da allura, a ɗebi ɗan kaɗan daga bayan ƙashin ƙugu, a gama cikin ƙasa da awa ɗaya, kuma jiki yana mayar da abin da aka ɗiba. Asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri duk suna da sashen cututtukan jini, kuma can ya kamata a nufa.

Jinkirin da ake samu yana da dalilai da za a iya fahimta. Ciwon baya ga manomi ko mai dako ko tsohuwar da ta haifi goma ba baƙon abu ba ne, sai a ce sanyi ne ko amosanin gaɓɓai. Idan ƙashi ya karye, mai ɗori ne mafi kusa, kuma ba mu raina sana'arsa ba, amma ƙashin da ya zama fanko ba ya jure ja da matsa. Su kansu likitoci kan yi zaton tarin fuka ne na ƙashin baya, domin ya fi yawa a ƙasashenmu kuma hotunansu kan yi kama. Idan an sha maganin tarin fuka na watanni ba a ga sauƙi ba, ya dace a sake tambaya.

Game da magani kuwa, dole mu faɗi gaskiya: ga mafi yawan majinyata ba a warkar da mayeloma gaba ɗaya, sai dai a danne ta. Takan lafa na watanni ko shekaru, ta dawo, a sake danne ta da wani magani. Amma an samu ci gaba mai yawa. Daga ƙarshen shekarun 1960 har kusan shekara talatin, abin dogaro shi ne haɗin melfalan da firednison, kuma yawancin majinyata ba sa wuce shekara uku. A 1999 likitoci a jihar Arkansas ta Amurka suka wallafa cewa talidomaid yana aiki a kan cutar. Wannan magani ne mai baƙin tarihi, domin an janye shi daga kasuwa a 1961 bayan ya sa an haifi dubban jarirai da naƙasar hannuwa da ƙafafu. Bayansa aka amince da botezomib a 2003, lenalidomaid a 2006, da daratumumab a 2015. Akwai kuma dashen ɓargo, inda ake ɗibar ƙwayoyin majinyacin da kansa a adana, a ba shi magani mai ƙarfi, sannan a mayar masa da su. Wuraren da ke yin wannan a Afirka ta Yamma kaɗan ne ƙwarai. A Amurka yanzu kusan mutum 6 cikin 10 ne ke kaiwa shekara biyar bayan gano cutar. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya botezomib da lenalidomaid da talidomaid da melfalan a jerin muhimman magungunan wannan cuta, kuma samfuran da ake yi a Indiya sun rage farashi, ko da yake har yanzu nauyi ne babba ga talaka.

Kowane magani yana da sharaɗinsa. Talidomaid da lenalidomaid ba a kusantar da su ga mai ciki, kuma namijin da ke shan su ma dole ya bi ƙa'idar kariya da likita zai faɗa masa game da iyalinsa. Wannan magana ce mai nauyi a baki, amma ɓoye ta ya fi faɗinta illa. Suna kuma iya daskarar da jini a jijiya, shi ya sa ake haɗa su da maganin tsinka jini. Botezomib da talidomaid kan kawo jin dindiris ko zafi a tafin ƙafa da yatsu, desametason kuma yana ɗaga sukari. Allurar ƙarfafa ƙashi da ake yi wata-wata tana buƙatar a fara duba haƙora, kuma kada a cire haƙori ba da sanin likita ba.

Akwai wurare biyu da cutar ke taɓa ibada, kuma limamai za su sha tambaya a kansu. Na farko azumi. Likitoci kan umarci mai mayeloma ya sha ruwa lita biyu zuwa uku a rana don kare ƙodarsa, sai dai idan akwai dalilin da ya hana. Yini guda babu ruwa a zafin bazara na iya zama mafarin lalacewar da ba ta gyaruwa. Dattawanmu kuwa sun fi kowa jin nauyin ajiye azumi, kuma ba za su ajiye ba sai sun ji daga bakin malamin da suka amince da shi cewa shari'a ta ba mara lafiya uzuri. Na biyu salla. Wanda ƙashin bayansa ya lotsa, ruku'u da sujada na iya ƙara masa rauni, kuma rangwamen yin salla a zaune ko a kwance sananne ne. Hasali ma, sahun salla wuri ne na lura: dattijon da ya koma salla a zaune cikin ɗan lokaci, ya rame, ya ɗashe, ya kamata wani ya raka shi asibiti.

Abin da muka koya game da tsarin taimako shi ne, wannan jinya ba irin ta tiyata ba ce da ake biya sau ɗaya a gama. Ana ba da maganin ne zagaye-zagaye, kowane zagaye na mako uku ko huɗu, har tsawon watanni, sannan sau da yawa a ci gaba da ƙaramin magani. Gudummawar da aka tara ranar Juma'a takan sayi zagaye ɗaya ko biyu, sai kuɗi ya ƙare, cutar ta dawo da ƙarfinta. A ra'ayinmu gara a zauna da likita tun farko a zaɓi tsarin da za a iya ɗorewa a kansa, ko da ba shi ne mafi sabunta ba, da a fara mafi tsada a yanke a tsakiya. Shi ya sa muke roƙon kwamitoci su haɗo mana da takardar likita mai bayyana yawan zagayen da ake sa ran yi da kuɗin kowanne. Muna kuma ganin kuɗin gwajin farko ya cancanci gaggawa fiye da yadda aka saba ba shi, domin ƙanƙani ne idan aka kwatanta da wankin ƙoda. Irin wannan hidima mai tsawo ta fi dacewa da kuɗin shiga na waƙafi, wanda ke zuwa wata bayan wata. Iyalan da jinya ta jefa cikin bashi kuma a duba lamarinsu, ko da a da ana ganinsu masu rufin asiri ne. Akwai ma taimakon da ba na kuɗi ba: matasan unguwa masu ba da jini, da motar da za ta kai majinyaci asibiti a kwance ba a kan babur ba.

Akwai alamomin da ba a jiran gari ya waye a kansu. Idan mai ciwon baya ya ji ƙafafunsa sun yi nauyi ko sun mutu, ko fitsari ya ƙi fita, ko ya kasa riƙe fitsari da bayan gida, to alama ce ta cewa an danne laka, kuma sa'o'i kaɗan ne ke raba wanda zai sake tafiya da wanda zai shanye. A ɗauke shi a kwance a kan abu mai tauri, kada a ja shi, kada a yi masa tausa. Haka nan zazzaɓi ga wanda ke kan magani, ko raguwar fitsari farat ɗaya, ko ruɗewa: a kai shi asibiti a daren, tare da duk takardunsa da kwalayen magungunan da yake sha, har da waɗanda aka saya a kyamis.